Buruyo da Waƙar Dutse

Ƙamshin busasshen zoɓo ne abin da nake fara tunawa. Motar da ta ɗauko mu daga Maigatari ranar Alhamis ɗin nan an cika bayanta da buhunansa, rana ta dake su, sai ƙamshin ya riƙa shigowa ta tagar da gilashinta ya ƙi rufuwa, mai ɗan tsami, mai sa yawu ya tsinke. Ina zaune a tsakiya, Zara'u ɗiyar kawuna tana gefena, sabuwar waya tana kan cinyata, ko ledar da ke manne a fuskarta ban ɓare ba. Na gama karatu, Baba ya cika alkawari, kaka ta yi kyau. A wannan la'asar ɗin ban san akwai wanda ya fi ni farin ciki tsakanin iyaka da Gumel ba.

Kulu, kin tambaye ni me ya sa 'yan gidanmu suke ce mini Buruyo, kuma na lura kowa ya ba ki tasa amsar. Wani ya ce miki sunan alewa ne da nake so ina ƙarama. Yaya Bilki ta ce miki wai kuka na yi daga Maigatari har Gumel a kan waya, kamar wadda aka ƙwace wa tuwo. Kukan dai na yi shi, ba zan musa ba, amma ba a kan waya na yi ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta miki yadda abin ya faru tun yanzu, kafin ki girma ki tarar labarin ya yi rassa.

Tun ina yarinya nake rubuta waƙoƙi, kuma a gidanmu babu inda takarda za ta ɓuya. Ko a ƙarƙashin katifa na sa, sai ƙannena sun zaƙulo ta, ɗaya ya hau turmi ya karanta da muryar mai labaran rediyo, sauran suna faɗuwa da dariya. Da na shiga kwaleji aka buɗe mana imel, sai na gano wani lungu a cikinsa da ake kira diraf, inda saƙon da aka fara rubutawa ba a aika ba yake zama yana jira. Lungun nan ya zama ɗakina. Ba na sa sunan kowa a sama, sai dai in rubuta abin da ya zo mini: hadarin da ya taso daga gabas ya fasa, kukan kurciya a kan darbejiyar ƙofar gida, fuskar Umma idan tana tsince shinkafa tana tunanin wani abu daban. Ina son wurin saboda komai a cikinsa bai ƙare ba. Saƙo ne da bai tafi ba, bai kuma mutu ba.

Sai Iya, wadda kika ci sunanta. Mahaifiyar Baba ce, tana zaune a ƙauyenmu da ke bayan Sule Tankarkar tare da autarta Goggo Ladi. Baba shi ne ɗanta na fari, kuma Iya tana cikin matan da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta faɗin sunansa. Idan za ta ambace shi sai ta ce "na Gumel". Idan ya zo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta juya fuska wajen bango ta ce, "An zo?" kamar da iska take magana. Har wani maƙwabcinsu mai suna Audu, takwaran Baba, ta canja masa suna, ta koma ce masa Mai Jaki, shi kuwa bai taɓa mallakar jaki ba. Baba yakan mayar da abin wasa. Wata rana muna cin abinci ya ce:

"Ni fa ban taɓa jin sunana a bakin Iya ba. Da na ɓata a kasuwa ina yaro, ban san yadda za ta yi cigiyata ba. Sai dai ta ce, jama'a, wa ya ga wani?"

Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Amma ni na ga yadda ya daɗe yana juya loma a cikin miya kafin ya kai baki.

A kakar shekarar da na gama kwaleji na je ƙauye hutu. Wata safiya injin niƙa ya lalace, Iya ta ce a fito da dutse. Na durƙusa na fara, ban yi nisa ba ta ture ni da gwiwar hannu.

"Tashi, 'yar boko. Wannan hannun naki ai sai biro. Gero kike niƙawa ko lallashinsa kike?"

Ta karɓa. Tsohuwa ce, amma da ta kama ɗan dutsen sai bayanta ya miƙe, jikinta ya shiga kai da komowa, gari ya fara zuba a faifai. Can sai na ji murya tana fitowa ƙasa-ƙasa, tana bin tafiyar dutsen. Ta manta da ni. Ta manta shekarunta. Waƙa take yi wa jariri, kuma a layi na biyu na ji abin da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni: Iya ta ce Audu. A hankali na zaro tsohuwar wayata mai tsagaggiyar fuska, na buɗe diraf, ina bin ta ina rubutawa. Muna cikin haka Goggo Ladi ta yi sallama ta shigo da tulu a ka, Iya ta datse waƙar a tsakiyar baiti kamar an rufe ƙofa.

"Iya, ƙarasa mini mana," na ce.

"In ƙarasa me?"

"Waƙar."

"Wace waƙa? Dutse ne ke kuka." Ta kalli hannuna. "Me kike ta dannawa a abin nan?"

"Waƙarki na sa a ciki."

Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ci gaba da niƙanta ba waƙa. Na roƙe ta da rana, na roƙe ta washegari, ta ce ita ba ta san zancen ba. Na hau tudun da ke bayan rijiya, inda kaɗai sabis ke kamawa sosai, na tsaya har na ga saƙon ya shiga akwatina, sannan hankalina ya kwanta. Ban haddace waƙar ba. Me zai sa in haddace, tunda tana ajiye? Niyyata in kai wa Baba ita ranar da na ga ya dace. Da zan koma Gumel, tunda an yi mini alkawarin sabuwa, sai na bar wa Iya tsohuwar wayar da layinta a ciki, don Baba ya riƙa kiranta. Ya yi ta kira kuwa, kullum a kashe. Muka ce caji ne ya ƙare.

To, mu koma cikin motar zoɓo. Zara'u a tsallaken iyaka ta tashi, can ta yi karatu, kuma ta san 'yan kasuwar Maigatari, shi ya sa Baba ya haɗa ni da ita ta zaɓo mini waya mai kyau. Ta zaɓo kuwa, sai dai wayar daga can aka shigo da ita, komai nata da Faransanci yake. Ɗoki bai bar ni na jira mu isa gida a canja harshen ba. Na sa layi, na buɗe imel ɗina, sai ga wani jan rubutu a sama. Zara'u ta leƙo ta ce cewa ake akwatin ya cika, sai an rage kaya kafin sabon saƙo ya shigo. Na fara share tarkacen makaranta da tallace-tallace, ina dannawa ina jin daɗi kamar mai sharar tsakar gida ranar jajiberin salla. Sai na kai kan wata kalma mai cunkushen haruffa, da lamba babba a gefenta.

"Zara'u, wannan fa?"

Ta kalla da gefen ido, tana ɓare gyaɗa. "Buruyo ne."

"Mene ne buruyo?"

"Ke ba ku da shi a lakwal ɗinku, a makaranta? Kayen banza, littafin gwaji. Wanda ake ƙazanta a ciki kafin a kwafe a na kirki. Mu da shi muke kunna wuta in shekara ta ƙare."

Na zaɓe su gaba ɗaya. Wayar ta yi mini wata tambaya da Faransanci, Zara'u ta ce in ce i, na ce i. Lambar ta ɓace. Jan rubutun ma ya ɓace. Har na ce mata Allah ya yi albarka.

Mun wuce wani garken shanu da ake korawa daga kasuwa, rana ta yi ja, zuciyata ta cika, sai na ji ina son in nuna wa wani waƙar Iya. Na duba sama, na duba ƙasa, ban ga lunguna ba.

"Yaya ake ce wa diraf da yarenku?"

"Mene ne shi?"

"Inda saƙo ke zama in an rubuta ba a aika ba."

Zara'u ta daina tauna. Ta kalle ni, ta kalli wayar, gyaɗar da ke hannunta ta zube a zaninta.

"Safiya," ta ce a hankali, "ai shi ne buruyo."

Ban yi ihu ba. Hawaye ne kawai suka ɓalle suka ƙi tsayawa. Waƙoƙina na shekaru ban ma tuna da su ba a lokacin. Layukan Iya nake nema a kaina, na sami biyu na farko, na uku ya tsere mini, kamar mafarkin da ake son kamowa bayan an farka. Na san Iya. Ko a gabanta zan kwanta in yi birgima ba za ta sake ba. Wata dattijuwa da ke gaba ta juyo.

"Inna lillahi, 'yan mata, rasuwa aka yi?"

Zara'u, wadda ita ma ta fara kuka, ta ce, "A'a, buruyo ne ya tafi."

"Allah ya jiƙansa," in ji dattijuwar. "Yaro ne ko babba?"

Ina kuka ina dariya muka shiga Gumel.

Washegari da sassafe muka hau motar Gagarawa. Yaya Bilki a can take aure, a sakatariyar ƙaramar hukuma take aiki, kullum tana gaban kwamfuta, ita ce likitar wayoyin danginmu. Muka same ta tana shirin fita. Ta saurari labarin tana ɗaura ɗankwali, ta karɓi wayar, abu na farko da ta yi shi ne canja harshen.

"Mai digirin waƙa da mai digirin Faransanci sun haɗu sun ƙone rumbu," ta ce. "Ku zauna. Abin da aka share ba ya tafiya nan take, akwai kwandon shara. Yana ɗan jimawa a ciki kafin a zubar."

Ta buɗe kwandon. Ga su nan kuwa: takardar sakamakona da na share cikin ɗoki ban lura ba, hotunan bikinta da wata ƙawarta ta turo, saƙon wata malamata da ta yaba mini rubutu. Ta riƙa zaɓa tana mayar da su akwati ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya koma mazauninsa kamar bai taɓa fita ba. Na fara sa rai. Muka kai ƙarshen kwandon. Babu diraf ko ɗaya.

Yaya ta ɓata fuska. Ta ce irin wannan akwatin, in aka yar da diraf ba ya biyowa ta kwando, tunda a wurinsa ba saƙo ba ne tukuna. Zara'u ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa sai na ji kamar an sake share su a karo na biyu. Yaya ta zauna a hannun kujera tana buga wayar a tafinta, can ta ɗago.

"A ina kika rubuta waƙar? A wace waya?"

"Tsohuwar. Tana wurin Iya."

"A kunne take?"

"Baba ya ce kullum a kashe yake samunta."

Yaya ta miƙe tsaye. "To ita ba ta ji labarin ba tukuna."

Ta yi mana bayani dalla-dalla. Wayar nan tana riƙe da kwafin komai a cikinta, yadda na bar shi. Ba za ta san an share ba sai ta haɗu da sabis. Ranar da aka kunna ta ta kama, za ta tambayi akwatin me ake ciki, akwatin ya ce mata an zubar, ita ma ta zubar da nata. Don haka sai a cire layin kafin a kunna. Kuma Goggo Ladi takan aika a kai wayoyin unguwa caji cikin garin Sule Tankarkar, inda sabis yake cike, mai cajin kuwa sai ya kunna kowace ya ga ko tana ɗauka.

"Bari in kira maƙwabcinsu in ce kar a kunna," na ce.

"Kar ki soma! Kin san mutanenmu. In kika ce kar a kunna, sai an tara unguwa an kunna a ga dalili. Ku tafi da ƙafarku." Ta zaro fawa bank daga jakarta ta danƙa mini. "A cire layi, sannan a kunna. Maimaita."

"A cire layi, sannan a kunna."

"Zara'u, ke kuma in wayar ta yi tambaya, ki yi shiru."

Daga Gagarawa muka koma Gumel, daga Gumel muka sami motar Sule Tankarkar, daga can babura biyu suka ɗauke mu ta cikin yashi. Ko'ina an girbe, an jingina dammunan riɗi suna shan rana, mata sun duƙufa a gonakin zoɓo, yatsunsu jajur. Duk mai babur ko keke da muka yi kiciɓis da shi ya nufi gari, sai in bi aljihunsa da kallo, ina cewa ko wayata ce a ciki. Zara'u tana bayana tana ta salati da ƙarfi, mai babur ɗinta ya ɗauka tsoron yashi take ji, ya riƙa ba ta haƙuri.

Muka tarar da Iya a inuwar rumbu tana sheƙar riɗi. Ko gaisuwa ban gama ba na ce, "Iya, ina wayar?"

"Wace waya?"

"Wadda na bar miki."

"Ni na san inda take? Ku 'yan birni ba ku iya gaisuwa ba sai tambaya. Wannan doguwar kuma ta wace ce?"

Zara'u ta durƙusa ta gaishe ta. Goggo Ladi ta fito daga madafa tana goge hannu, ta kalle ni, ta kalli Iya, ta yi wani ɗan murmushi, ta ce in biyo ta. A ɗakin Iya akwai jeren kwanoni da kwalla tun na aurenta. Goggo ta riƙa sauke su ɗaya-ɗaya har ta kai kan babbar kwallar da ke ƙasa. Ta buɗe murfin. Ƙamshin turaren wuta da kanumfari ya taso. A ƙarƙashin zannuwan da Iya ke ajiya, an naɗe wani abu a tsohon ɗankwali, an ƙulle shi tam. Goggo ta kwance. Wayata ce, da tsagarta, baƙi ƙirin, a kashe.

Na roƙi allura. Zara'u ta karɓa ta zura a ɗan ramin, layin ya fito, ta ɗora shi a tafina kamar ƙwayar riɗi. Muka haɗa fawa bank, muka zauna a tabarma mu uku muna kallon baƙin gilashi. Akuya ta leƙo ta koma. Daga waje muna jin shuuu, shuuu na faifan Iya, sai dai na lura sautin yana raguwa, kamar mai sheƙar tana kasa kunne. Can fuskar wayar ta yi haske. Na buɗe imel. Ya ɗan yi juyi yana neman sabis, bai samu ba, ya haƙura. Na taɓa diraf.

Suna nan. Hadarin da ya fasa, kurciyar darbejiya, Umma da shinkafarta, duk suna nan a jere, a samansu kuma wanda na rubuta a ƙarshe.

Zara'u ta rangaɗa guɗa, irin wadda ban taɓa sanin tana da ita a maƙogwaro ba. Kaji suka watse. Goggo tana dariya har da riƙe ciki. Iya ta ɗago murya daga waje:

"Auren wa ake yi a ɗakina ba a gayyace ni ba?"

Ba mu yarda da wayar ba ko na minti ɗaya. Na ɗauki hoton kowane shafi da sabuwar, Zara'u kuma ta ciro littafi daga jakarta, ta ce ita sai ta kwafe waƙar da hannunta a kayen kirki, ko ta sami sauƙin zuciya. Ina karanta mata ƙasa-ƙasa tana rubutawa:

Dutse, ci gero a hankali,
Audu na barci, kar ka tashe shi.
Audu ruwan fari na damina,
Da ya sauka ƙasa ta yi ƙamshi.
Goyon da ya koya mini tsayuwa,
Kukan da ya koya mini tashi.
Ban kira ka gaban mutane ba,
Na kira ka a bakin dutse.
In ka girma ka ji ana niƙa...

Nan ta tsaya, inda Goggo ta shigo da tulu.

Kafin mu tafi na je na zauna kusa da Iya. Na san abin da nake shirin yi ba ƙarami ba ne. Abin da ta rufe shekara da shekaru nake son buɗewa, kuma ba nawa ba ne.

"Iya, in kai wa Baba?"

Ta ci gaba da tsince ƙasa daga cikin riɗi. "Ni na ce miki na yi waƙa? Na faɗa miki dutse ne."

"To in kai masa saƙon dutse?"

"In dutse ya aike ki, ni mece ce tawa a ciki?" Ta ɗebo riɗi ta zuba mini a gefen mayafi. "Ungo, ku tafi kar rana ta faɗi."

Na yi ta juya maganar a hanya, ban san ko izini ba ce ko hani. A ƙarshe na ɗauke ta a izini, don ita nake so.

Ranar Asabar bayan la'asar na sami Baba shi kaɗai a zaure yana gyara rediyonsa. Na durƙusa na ce ina da saƙo daga ƙauye. Na karanta masa. Da na kai kan sunansa, hannunsa ya tsaya a kan rediyon. Bai ɗago ba. Na ci gaba har layin ƙarshe, na ce masa nan ta tsaya, sauran ban samu ba. Sannan, ba tare da ya kalle ni ba, da wata murya da ban san shi da ita ba, ya ce:

"In ka girma ka ji ana niƙa, ka san uwarka ce ke kiranka."

Na ɗago na kalle shi.

"Ina kwance a bayan danga," ya ce. "Ta ɗauka barci nake. Ƙarshen nan kaɗai na riƙe, tun ban fi ƙaninki ba. Na yi ta neman farkon a kaina har na fara cewa ko ni na ƙirƙira." Ya goge ido da hannun riga, sai kuma ya yi dariya. "Ashe da na ɓata a kasuwa za ta iya cigiya. Sake karanta mini, Safiya. A hankali."

Na karanta masa har aka kira magariba. A ranar ya ji labarin motar zoɓo, a ranar kuma ya fara ce mini Buruyo, kafin a kwana duk gidan sun ɗauka.

Abin ya ci mini wani abu, ba zan ɓoye miki ba. Daga ranar Iya ba ta sake yin waƙa a gabana ba, ko ta daka, ko ta raino. Duk zuwan da zan yi, kafin in shiga ɗakinta sai ta ce, "Ajiye magulmaciyar nan a waje." Wasu waƙoƙin da ta sani sun tafi da ita, kuma na san ni na rufe wannan ƙofar. Amma da salla ta zo muka je gaisuwa gaba ɗaya. Baba ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum, Iya ta juya wajen bango ta ce, "An zo?" Ya ce an zo. Sai ya ƙara da cewa:

"Iya, ina dutse?"

Na ga kafaɗunta suna rawa. Ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, daga ciki muka ji ta ce:

"Yana nan. Barci yake, kar ka tashe shi."

Sunansa dai ba ta faɗa ba har ta koma ga Allah. Shi ma bai ƙara yin wasan cigiyar nan ba.

Na daɗe ina ɗauka sa'a ce kawai ta sa wayar ta mutu a cikin kwalla. Sai bayan rasuwar Iya, ina da cikinki, muna raba kwanonin jerenta, Goggo Ladi ta ɗaga babbar kwallar ta miƙo mini, ta ce tawa ce. Ta ce wayar nan ba cajinta ne ya ƙare ba. Ranar da na bar ta, ƙurar babur ɗina ba ta kwanta ba Iya ta kira ta ta ce ta nuna mata inda ake kashewa. Iya ta ɗauka muryarta ce a ciki, tana tsoron na Gumel ya kira, wayar ta buɗe baki ta rera masa. Da yatsanta ta danna ta kashe, ta naɗe, ta ƙulle, ta hana a kai caji. Goggo ta ce mata to a mayar wa yarinyar mana, ko a ba mai caji ya goge abin da ke ciki. Iya ta ce a'a, kar a goge.

"Ki bar shi nan," ta ce. "In ta dawo nema, ki ba ta. Ni dai ban san inda yake ba."